Tsakuwar ƙoda da fitsarin jini: labarin wani manomin shinkafa a ƙasar Auyo

Mai wannan labari manomin shinkafa ne a wani ƙauye na ƙasar Auyo, a Jihar Jigawa, magidanci ɗan shekara 46 a lokacin da ciwon ƙodar ya same shi. Ya amince a ba da labarinsa da sharaɗin kada a kama sunansa ko na garinsu. Mu da muka rubuta ma'aikatan lafiya ne, saboda haka duk inda labarin ya zo wurin da ke son bayani, za mu dakata mu yi shi kafin mu ci gaba.

Yana ɗan shekara 9 ya fara fitsarin jini. Kusan duk sa'o'insa da suke iyo a kududdufi da kamun kifi a fadama haka suke. Fitsarin zai fito garau, sai ya zo ƙarewa a ga ɗigon jini biyu ko uku, ja wur, da ɗan raɗaɗi a gaba, wando ya ɓaci. Mahaifiyarsa ta nuna wa kakarsa, kaka ta ce tsargiya ce, rana ce ta yi masa yawa, a ba shi jiƙo da safe. Wani kawunsa kuwa dariya ya yi, ya ce yaro dai girma ya zo. Daga nan ba a sake tayar da maganar ba.

Kaka ta faɗi sunan cutar daidai, amma rana ba ta da laifi a ciki. Tsutsa ce ke kawo tsargiya, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. 'Ya'yan tsutsar suna girma a jikin wasu ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, musamman ruwan da yake kwance ko mai tafiya a hankali: kududdufi, gindin kacalla, da ƙananan magudanan ban-ruwa. Daga jikin katantanwar suke fitowa, ido ba ya ganinsu, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko da wanki ko alwala ya tsaya yi. In sun girma sai su tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a ƙarshensa, yana kutsawa ta bangon mafitsara yana barin rauni. Shi ya sa jinin ke zuwa a ƙarshe, lokacin da mafitsara ke matsewa ta tatse ragowar fitsari. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, daga baya kuma a kwarin Haɗeja, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da yawa. Alheri ne babba ga manomi, sai dai katantanwar ma ta samu wurin zama na shekara cur.

Abin takaicin shi ne maganin tsargiya ba shi da wuya. Ana karɓar fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, a tabbatar an tari na ƙarshe-ƙarshe, a duba a madubin likita. Maganin shi ne firazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, a sha gaba ɗaya. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce, wato yaro mai kilo 30 ƙwaya 2 zai sha, babba mai kilo 60 kuwa ƙwaya 4. A makarantu, inda ba sikeli, da sandar awon tsawo ake lissafi. Sai an ci abinci ake sha, don yana da ɗaci, kuma yakan sa jiri da tashin zuciya da ciwon ciki na ɗan lokaci. Ba ya kashe tsutsar da ba ta gama girma ba, shi ya sa likita kan sa a maimaita bayan 'yan makonni, kuma ba ya hana a sake kamuwa in an koma ruwan. Ruwan wanka da aka ɗebo daga irin waɗannan wurare, in aka ajiye shi kwana 2 'ya'yan tsutsar sun mutu.

Shi bai taɓa shan maganin ba. Da ya tasa ya zama saurayi, jinin ya ragu da kansa har ya ɗauke, kowa ya ce ya warke. Haka tsargiya take yi: jini ya ɗauke, amma ƙwan da ya maƙale a nama yana nan, jiki yana nannaɗe shi da tabo. Bangon mafitsara ya yi kauri, bakin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ya tsuke. Wannan tsukewar ta kwanta masa fiye da shekara 25 ba ta ce komai ba.

Azumin 2024 ya kama daga Maris zuwa Afrilu, tsakiyar zafi, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a ƙasar Haɗeja. Shinkafarsa ta rani tana son ban-ruwa, don haka da an idar da sallar asuba yake shiga gona, sai bayan azahar ya fito, riga sharkaf. In an sha ruwa kuma, kunu ne da zoɓo mai sukari da lemon kwalba mai sanyi, sai tuwo, sai shayi a majalisa. Tsurar ruwa bai fi kofi 2 ko 3 ba. Ya ce a wannan watan sau biyu yake fitsari a yini, ɗan kaɗan, ja kamar shayin da ya daɗe a wuta.

A nan tsakuwa ke samo asali. Ƙoda biyu suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini kullum, su mayar da kusan duka, abin da ke fita a matsayin fitsari lita 1 da rabi ne zuwa 2. A cikin wannan ɗan ruwan ne gishirin jiki ke narkewa ya fita: kalsiyam, oksalet, yurik asid da sauransu. In gumi ya kwashe ruwan, fitsari ya yi kauri, gishirin ya kasa narkewa duka, sai ya fara ƙanƙara a cikin ƙoda, ƙwaya kan ƙwaya. Wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tsakuwoyin ƙoda haɗin kalsiyam da oksalet ne. Akwai na yurik asid, akwai kuma wanda ƙwayoyin cuta ke haifarwa a fitsarin da ya daɗe da ciwo, wanda yakan cika cikin ƙoda gaba ɗaya. Mutane da yawa a karkara suna ɗora laifin a kan tsakuwar shinkafa 'yar gida ko 'ya'yan tumatir da na gwaiba. Babu hanya daga hanji zuwa ƙoda da tsakuwa za ta bi. Abin da aka haɗiye bayan gida yake fita. Kuma tsakuwa ba a wata guda take haɗuwa ba. Mai yiwuwa tasa ta daɗe tana girma, zafin wannan shekarar ya ƙarasa ta.

Muddin tana zaune a cikin ƙoda, mutum kan yi shekaru bai sani ba. Tashin hankalin yana farawa ne ranar da ta gangaro cikin bututu. Bututun nan tsawonsa santimita 25 zuwa 30, faɗinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 kawai, kuma yana da matsatsi a wuri uku: inda ya fito daga ƙoda, inda ya tsallake manyan jijiyoyin ƙugu, da inda ya shiga mafitsara.

A goman ƙarshe na azumi, cikin dare, ciwo ya tashe shi daga barci. Ya fara daga kwiɓin hagu ta baya, ƙasan haƙarƙari, ya murɗo ta gefen ciki ya gangara mara har cikin maraina. Ya kwanta bai iya ba, ya zauna bai iya ba, ya durƙusa ya dafe bango, ya yi ta birgima a tabarma, ga amai, ga gumi. Ciwon ya lafa minti kaɗan ya sake dawowa. Matarsa tana riƙe da fitila tana cewa, "Malam, ina ne? Nuna min wurin." Shi kuwa hannunsa yana yawo daga baya zuwa gaba, ya rasa inda zai ajiye shi. Da ya yi fitsari a gwangwani aka haska, tun daga farkonsa har ƙarshe jaja-jaja ne, jinin ya gauraye da shi.

Duk wanda ya saba ganin masu wannan ciwo, daga bakin ƙofa zai yi zato. Mai ciwon afendis ko wanda hanjinsa ya huje lamo yake yi, ba ya son ko a taɓa gadon. Mai tsakuwa kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Duk da haka ba a yanke hukunci da ido: mace mai irin wannan ciwo da batan wata sai an tabbatar ba ciki ne a wajen mahaifa ba, matashi mai ciwon maraina kwatsam kuma sai an duba ko murɗewa suka yi, don wannan aikin sa'o'i ne.

Da gari ya waye ƙaninsa ya ɗauke shi a babur zuwa wani kemis. Yaron kemis ya ce, "Baba, sanyi ne ya yi maka yawa," ya yi masa allurar dikulofenak mai kashe ciwo da ta jentamaisin mai kashe ƙwayoyin cuta. Cikin rabin sa'a ciwo ya sauka, ya koma gida yana sa wa yaron albarka. Bayan kwana biyu ciwo ya dawo, aka sake allura. Haka aka yi ta yi har bayan sallah. Tsakani kuma wani mai maganin gargajiya a kasuwa ya ba shi jarka guda ta jiƙo da kanwa, ya ce zai wanke masa mara.

Gaskiya dikulofenak yana cikin magungunan da suka fi kwantar da ciwon tsakuwa, a asibiti ma shi ake fara ba wa wanda ƙodarsa lafiya lau take. Matsalar ita ce a ba wa mai azumi, mai amai, wanda ruwan jikinsa ya ƙare, a kuma yi ta maimaitawa ba tare da an auna aikin ƙoda ba, domin yana rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai gyambon ciki da mai juna biyu ma ba nasu ba ne. Jentamaisin kuwa kowane ma'aikacin lafiya ya san yana iya lahanta ƙoda da ji, balle an haɗa shi da dikulofenak. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba shi ma ta ƙodar zai bi ya fita. Wasu kuma in ciwon ya tashi sukan ɗura wa mutum ruwa jarka-jarka wai ya tura tsakuwar. Ba ya turawa, sai dai ya ƙara matsi a bayan toshewar, ciwo da amai su ƙaru. A lokacin ciwo a sha daidai ƙishi. Yawan shan ruwa aikin bayan nan ne.

Da ya je asibiti a wannan makon, ga abin da za a yi masa. A tsoma tsinken gwaji a fitsari a ga jini da alamar ƙwayoyin cuta, a duba a madubi ko akwai ƙwan tsargiya. A ɗebi jini a auna kiriyatinin, wato ma'aunin aikin ƙoda. A yi sikanin a ga ko ƙodar ta kumbura. Sikanin yakan ga tsakuwa a cikin ƙoda da bakin mafitsara, amma sau da yawa iskar hanji tana ɓoye wadda ke tsakiyar bututu, saboda haka in mai hoto ya ce bai ga tsakuwa ba amma ƙoda ta kumbura, magana ba ta ƙare ba. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna mai kalsiyam, ba ya nuna ta yurik asid. Wanda ya fi duka shi ne hoton si-ti, yana faɗin girmanta da inda ta tsaya. Girman ne ke yanke shawara. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, kamar ƙwayar dawa, mafi yawanci tana fita da kanta. Daga 5 zuwa 10 kusan rabi ne ke fita. Wadda ta wuce 10 da wuya ta fita sai an shiga an ɗauko ta. In ana sa ran fitarta, likita kan ba da maganin ciwo da tamsulosin, miligiram 0.4 sau ɗaya a rana, don ya saki bakin bututun. Yakan sa jiri in an miƙe da sauri, shi ya sa aka fi shan sa da dare. Sai a riƙa tace fitsari da farin ƙyalle mai tsabta don a kama tsakuwar a kai wa likita. Jiran nan kuma yana da iyaka: mako 4, in ya yi yawa 6.

Bayan sallah da kamar mako biyu, ciwon ya ɗauke ɗif. Fitsari ya washe. Ya yi sadaka, ya koma gona, ya yi ta ba mutane labarin jiƙon kasuwa. Bai ga tsakuwa ta fita ba, amma tunda ba ciwo, wa zai tambaya? Abin da ya rage ɗan nauyi ne a kwiɓin hagu in ya daɗe a sunkuye.

A duk labarin nan babu wurin da ya fi wannan haɗari. Ciwon tsakuwa daga matsin fitsarin da ya taru a bayanta yake zuwa, da kuma yunƙurin da bututu ke yi ya tura ta. In toshewar ta daɗe, ƙodar tana rage aiki, jinin da ke shigarta ya ragu, bututun ya gaji ya daina yunƙuri, sai matsin ya sauka, ciwo ya tafi. Ɗaya ƙodar kuma ta ɗauki aikin biyu, mutum ya ga fitsarinsa yana fita kamar kullum, har gwajin jini ma yana iya fitowa lafiya. A ciki kuwa naman ƙodar da ta toshe yana sirancewa. Toshewar da ta cika, in ta wuce mako 4 zuwa 6, da wuya ƙodar ta dawo yadda take. Saboda haka hujja biyu ce kawai ke nuna an rabu da tsakuwa: a gan ta a ƙyalle, ko a sake hoto a ga hanya ta buɗe.

Da damina ta faɗi, zazzaɓi ya kama shi da rawar sanyi har haƙora suna haɗuwa. Lokacin sauro ne, kowa ya ce maleriya, aka sayo magani ya sha kwana 3, abu sai gaba yake. Fitsari ya yi duhu da wari, kwiɓin hagu ko taɓawa ba ya so, ya fara sambatu. Ƙaninsa ya ce, "Yaya, yau kam ba shawara na zo yi ba, mota na kawo." A babban asibitin da aka kai shi, gwajin maleriya bai nuna komai ba, jininsa ya yi ƙasa, zuciya tana gudu. Sikanin ya nuna ƙodar hagu ta kumbura, ruwan da ke ciki ya yi gurɓi. Aka sa masa ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka rubuta masa takarda zuwa Kano a ranar. A Kano akwai likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kuma Asibitin Abubakar Imam, kuma irin wannan aiki nasu ne.

Toshewa da zazzaɓi in sun haɗu, ƙodar ta zama ƙurji rufaffe, maganin da ake sawa ta jijiya ba ya isa ciki sosai, ƙwayoyin cuta kuma suna tsallakawa cikin jini. Mutum yana iya rasuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne: ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi ko rawar sanyi, ɗaukewar fitsari gaba ɗaya, aman da ya hana ruwa zama, ciwon da ya ƙi jin magani, gudajin jini da suka toshe fitsari, da kowane ciwon tsakuwa a jikin mai juna biyu ko mai ƙoda ɗaya.

Ƙanin ya so a ciro tsakuwar nan take a huta. Likita ya ce masa, "Malam, ku manoma ne. In magudana ta toshe ruwa ya kwanta a fili yana ruɓar da shuka, ai sai a fara sara masa hanya ya fita, gyaran magudana ya biyo baya." Taɓa tsakuwa a cikin mugunya yana tura cutar cikin jini. Don haka aka fara zura masa wata siririyar roba mai lanƙwasa a kai da gindi, wadda suke kira sitent, ta mafitsara ta wuce gefen tsakuwar har cikin ƙoda. In hakan ya gagara, ta baya ake huda fata a sa roba kai tsaye cikin ƙodar, fitsari ya riƙa zuba a leda. Mugunya ta sauko, zazzaɓi ya faɗi cikin kwanaki kaɗan. Hoton si-ti ya nuna tsakuwa mai milimita 9 a ƙasan bututu, ta tsaya daidai wurin da tabon tsargiya ya tsuke. Hoton ya kuma nuna farin zane a bangon mafitsara, alamar ƙwan da ya mutu ya ƙanƙare tun yarinta. Wani mai irin wannan tsakuwa zai iya dacewa ta fita, amma a bututu mai tabo ba ta da hanya.

Bayan 'yan makonni, da gwajin fitsari ya nuna ba sauran cuta, aka shiga da shi tiyata. Ba a yanka shi ba. Siririn madubi aka zura ta mafitsara zuwa bututu, aka farfasa tsakuwar da hasken leza, aka kwashe gutsattsarin, aka faɗaɗa wurin da ya tsuke, aka sa sabon sitent. Akwai wasu hanyoyin, gwargwadon girma da wuri: injin da ke farfasa ta daga waje ba tare da an shiga jiki ba, ko ƙaramar huda ta baya ga wadda ta wuce santimita 2 a cikin ƙoda, ko yanka na sosai inda kayan aikin ba su samu ba. Tun da an shiga, likita ya duba bangon mafitsara, ya gutsuri nama a wurin da bai gamsu da shi ba aka kai awo, domin tsohuwar tsargiya tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar mafitsara. Sakamako ya fito ba sankara. A nan ne, yana da shekara 46, ya sha firazikwantel karon farko. Kafin a kai ga sallama an sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗa da buhunan shanshera da aka ajiye don iri da cefane.

Maganar sitent tana son a ja kunne. Yana sa yawan fitsari, da ɗan jini in an yi aikin ƙarfi, da zafi a kwiɓi lokacin fitsari. Duk wannan ba abin tsoro ba ne in babu zazzaɓi. Abin tsoro shi ne mantuwa. Mutumin ƙauye ya ji sauƙi, ga kuɗin mota, ga aikin gona, sai ya ƙi komawa. Robar da ta yi watanni fiye da wa'adinta tsakuwa ce ke lulluɓe ta daga sama har ƙasa, cire ta ya zama tiyatar da ta fi ta farko wuya. Shi matarsa ce ta sa babban ɗansu ya rubuta ranar da gawayi a bangon ɗaki, kuma a ranar aka koma.

Kafin mu zo kan abin da aka gindaya masa, ya kamata a san fitsarin jini ba tsargiya da tsakuwa kaɗai ke kawo shi ba. Ciwon mafitsara na ƙwayoyin cuta yana kawo shi da raɗaɗi da yawan fitsari, musamman ga mata. Masu sikila, har da masu ɗauke da rabinta, sukan yi shi. Yaron da fitsarinsa ya koma kalar shayi, fuska ta kumbura bayan ciwon maƙogwaro ko ƙuraje, matatar ƙodarsa ce ta kumbura. Maganin tarin fuka na rifamfisin yana mayar da fitsari ja ba tare da jini ba. Yaro namiji da fitsari ke yanke masa tsakiya, yana kuka yana jan gabansa, a duba tsakuwa a mafitsara. Wanda ya fi ba mu tsoro kuwa shi ne dattijon da ya ga jini ba ciwo ko kaɗan, ya zo yau gobe ya ɗauke. Ko sau ɗaya ne, sai an leƙa mafitsara da madubi, domin da haka ne sankarar mafitsara da ta ƙoda suke fara sallama, kuma mai shan taba ya fi kowa shiga haɗari.

Kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa sukan sake yi cikin shekara 5 zuwa 10 in ba su sauya komai ba. Awon gutsattsarinsa ya nuna kalsiyam da oksalet. Abin da ake nema shi ne ya fitar da fitsari lita 2 zuwa 2 da rabi kullum. Ga mai zaman inuwa wannan shan lita 3 ne, wato ledar fiya wata 6, tunda kowace rabin lita ce. Ga mai yini a fadama da rani 6 ba ta isa. Launin fitsari ne ma'auni, ya kasance fari-fari duk yini, kuma a sha kofi guda kafin a kwanta, don da dare fitsari ya fi kauri. Yanzu da jarka mai lita 4 yake fita gona, yana matsa lemon tsami a ciki, saboda sinadarin da ke cikinsa yana hana ƙanƙarar haɗuwa. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin miya, domin gishiri yana jan kalsiyam zuwa fitsari. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma danginsa ce. Nama da kayan ciki daidai wa daida, lemon kwalba a rage sosai. Alayyahu, kuɓewa, gyaɗa, riɗi, dankali da baƙin shayi suna da oksalet da yawa. Ba a hana shi ba, an dai ce kada ya tara su a yini ɗaya. Ya yi niyyar daina shan nono da ya ji an ambaci kalsiyam, likita ya hana shi. Nono ko kindirmo tare da abinci yana kama oksalet tun a hanji ya fita da shi, wanda ya daina sha tsakuwarsa ƙaruwa take yi. Game da azumi, an ce masa ya raba ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur maimakon ya ɗura lokaci guda, ya mayar da ban-ruwa sassafe ko yamma, in kuma ciwo ya motsa ya yi amfani da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya, ya rama lokacin sanyi.

Ƙodar hagu ba ta dawo daidai ba. Ta ƙanƙance, namanta ya yi siriri, tana ɗan aiki amma ta dama ce ke ɗauke da shi. An hana shi dikulofenak da ibufurofen da duk danginsu sai da izinin likita. In ciwon jiki ne farasitamol. Ana auna hawan jininsa a asibitin sha-ka-tafi na kusa da su, sikanin da gwajin kiriyatinin kuma duk shekara. A sikanin na baya-bayan nan an ga wata 'yar tsakuwa mai milimita 3 a can ƙasan ƙodar dama, ba ta toshe komai ba, ana sa mata ido. An rubuta masa a katinsa, an kuma karanta wa ƙaninsa da matarsa: ranar da ciwo ya taso ta dama, ko fitsari ya ragu, ba kemis, ba jiran gari ya waye, asibitin da ke da sikanin za a nufa da katin a hannu.